Sharaɗi na Goma Sha Ɗaya

Shekara shida ina tara kuɗin doki
cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin gado.
Shekara talatin na koyar da lissafi a lakwal,
ko akuya ban taɓa saye da ka ba,
balle mai ɗaukar sirdi.

Na tafi Kalfu gun tsoho Nomau,
wanda ya yi furfura tsakanin turke da turke.
Ya ce in buɗe baki in karanta haƙora,
in ɗaga kofato in sansana,
in ja shi bisa dutse, kada bisa rairayi,
don rairayi abokin sirrin gurgu ne.
Na rubuta. Sharaɗi goma cikin jan kaye,
har kuɗin harawa in bazara ta yi tsanani,
har kanwa, har dusa, har ladan yaron kilisa.
Ya dubi alƙalamina, ya yi murmushi:
"Mushe, akwai ɗaya da ba ya rubutuwa."
Na ce ya faɗa.
Ya ɓare goro, ya ba ni rabi, ya yi shiru.

Lahadi, kasuwar Tawa,
bayan ƴan raƙuma, inda ƙasa ke warin fitsari da taki.
Tankari dillali ya riƙe mini hannun riga:
ga akawal, baƙi wuluk, ƙirji kamar ƙofar rumbu.
Haƙora, shekara biyar. Na sa alama.
Kofato ba tsaga. Na sa alama.
Bisa dutse ya taka kamar mai bin ƙasa bashi.
Goma cikin goma.
Ban taɓa ba ɗalibi irin wannan sakamako ba.

Jika ɗari huɗu na cikin aljihun wandona,
hannuna ya shiga, ya taɓa su,
ya ƙi fitowa.
Dokin na duban wani wuri ta bisa hulata,
ni kuwa cikina ya yi sanyi
irin na wanda ya yi sallama gida uku ba a amsa ba.

Ina tsaye ina neman kuskure cikin jimla
sai na ji an ja kayen daga hamatata.
Goɗiya ce, bidi, ba tsawo,
da tsohon tabon igiya a ƙafar baya.
Ta yage shafin sharuɗɗa,
ta tauna shi a natse, idonta cikin nawa,
kamar mai cewa ba gishiri.
Mai ita, Agali, ya ɗaga sanda.
Na ce ya bari. Na ji bakina ya ce: "Nawa?"

Kada ku ce na zubar da hankali.
Na buɗe bakinta, takardata na cikinsa: shekara tara.
Na ja ta bisa dutse har sau uku,
na matsa tabon, ba ta motsa ba.
Bakwai cikin goma, in na yi mata sassauci.
Na taya, ya ce albarka, na juya, ya kira ni.
Na rage jika sittin na harawa,
wannan kam lissafi ne ya hana ni taɓa su.

Akawal, wani ɗan kasuwar albasa ya saye shi.
Ina ganinsu kan hanyar Ƙonni wasu ranaku,
lafiya lau, ba ɗingishi, ba tari.
Da na so in ce muku an gano masa aibu.
Babu.

Tsahara ta leƙo daga madafa, ta dube mu:
"Shekara shida, wannan ce?"
Na ce ita ce.
Yanzu da asuba, kafin in kai ga buta,
tana gane tarina cikin tarin dukan gidan,
ta yi ƴar haniniya, ƙasa-ƙasa.

Kayen na nan, da giɓin shafi ɗaya.
Da na koma Kalfu na nuna wa Nomau,
ya shafa wurin yagewar da babban yatsa,
ya ce: "To, ka ga inda aka rubuta shi."